Wanda Ya Iya Karanta Tenere, Kwamfuta Ba Ta Gagararsa

Kai mai gyaran salula na bakin kasuwar Agadas! Da kai zan fara, don kai na fara gani da safen nan. Rana ba ta gama hawa kan hasumiyar babban masallaci ba, ka riga ka share gaban rumfa, ka jona ƙarfen narka dalma, ka tara ƴan sukurori a murfin kwalba don kada iska ta kwashe. An kawo maka wayar da ta faɗa cikin ruwa, an kawo wadda raƙumi ya taka, an kawo wadda ƙurar Jado ta toshe wa baki. Ka buɗe, ka duba, ka bi layukan da suka fi gashin kai siriri har ka gano inda wuta ta tsaya. Wa ya koya maka? Wace jami'a ce ta ba ka takarda? Bayan ubangida ka tsaya, kana miƙo kaya, kana kallo, kana ɓatawa ana yi maka faɗa, har hannunka ya faɗa. Yau mutum zai taso tun daga Dirku da wayarsa a aljihu, bai yarda kowa ya taɓa ta ba sai kai. To, ɗan'uwa, matso mu yi magana, don abin da ka sani zaure ne kawai, gidan yana ciki, kuma babba ne.

Gidan nan shi ne ilimin kwamfuta: sanin yadda ake tsara wa na'ura aiki, yadda ake rubuta manhaja, yadda saƙo ke tashi daga wannan waya ya sauka a waccan, yadda ake koya wa inji ya ji magana ya ba da amsa. Na sha ganin matasanmu suna ja da baya in an ambace shi. Wai karatun ƴan gata ne, wai sai wanda ya tashi a Yamai ko a Turai, wai mu nan bakin hamada muke. Ni ban yarda ba, kuma hujjata tana cikin garin nan.

Ku tuna da madugu. Kaka ta yi, ayari ya ɗaura kaya zai nufi Fashi da Bilma ɗauko gishiri da dabino, tafiyar fiye da kilomita 500, galibinta cikin Tenere inda babu itace babu inuwa. Kafin raƙumi na farko ya miƙe, madugu ya gama lissafi a ka. Kwana nawa ne tsakanin wannan rijiya da ta gaba? Salka nawa za ta ishi mutum nawa? Dami nawa na ciyawa za a ɗora, nawa za a ajiye a hanya saboda dawowa? In iska ta taso ta ci kwana ɗaya, me za a rage? In an tarar rijiya ta ƙafe, ina aka nufa? Daki-daki yake bi, in kaza ta faru a yi kaza, in ba ta faru ba a yi kaza. Irin wannan tsari shi masana kwamfuta ke kira algoridim, kalmar da ta fito daga sunan Muhammadu ɗan Musa al-Khawarizmi, masanin lissafi na Bagadaza a ƙarni na 9. A 1956 wani matashi ɗan Holan mai suna Edsger Dijkstra yana zaune a wurin shan gahawa a Amstadam, ba alƙalami ba takarda, cikin kamar minti 20 ya tsara yadda na'ura za ta gano hanya mafi kusa tsakanin gari da gari. Ya wallafa dabarar a 1959, kuma har yau jikokinta ne ke aiki duk lokacin da waya ta zana maka hanya. Tambayar da ya amsa, kakanninmu sun yi ɗaruruwan shekaru suna amsa ta a kan yashi, su kuwa in sun kuskure, rai ne ke salwanta. Jikan wannan mutum ne za a ce lissafin na'ura ya fi ƙarfinsa? Haba!

Garin nan kuma bai taɓa zama baƙon ilimi ba. Nan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya biyo malaminsa Jibrilu ɗan Umaru yana saurayi. Hasumiyar da muke gani kullum har mun daina ɗaga kai, mita 27 ce ta zallar ƙasa da itace, an ɗaga ta tun ƙarni na 16, aka sabunta ta a 1844, ga ta nan tsaye, har UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013. Maginanta sun san nauyi, sun san ma'auni, sun san halin iska. Mutumin kudu da mu, Muhammadu al-Katsinawi, ya yi littafi a 1732 kan hatimin lissafi, wanda ko ta ina ka haɗa lambobinsa jimla ɗaya za ka samu. Ɗan Tasawa, Abdou Moumouni, wanda babbar jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya ƙarar da ƙarfinsa wajen binciken yadda rana za ta yi mana aiki, tun duniya ba ta waiwayi sola ba. Jininmu ne waɗannan. Gadon yana nan ajiye, magada su miƙo hannu!

Ba zan yi muku daɗin baki ba, na san abin da garin nan ya sha. An yi lokacin da jirage ke sauke ƴan yawon buɗe ido, maƙera na sayar da azurfa, direbobi da masu girki da masu rakiya kowa da abin yi. Daga 2007 rashin kwanciyar hankali ya kore su, masaukai suka zama kufai. Mutane suka juya ga jigilar matafiya zuwa Libiya, sai dokar 2015 mai hana jigilar ta faɗo, aka kama motoci, aka tsare direbobi, gidaje da yawa tukunya ta daina hawa murhu, kafin a soke dokar a Nuwamban 2023. A Maris ɗin 2021 mahaƙar COMINAK da ke kusa da Arlit ta rufe bayan fiye da shekara 40 ana fitar da yuraniyom, ma'aikata suka dawo gida. Har sansanin jirage marasa matuƙi da Amurka ta kashe fiye da dalarta miliyan 100 ta gina a gefen gari, a Agustan 2024 masu shi suka naɗe tabarmarsu, suka tafi da na'urorinsu da saninsu. Abin da aka kawo mana a mota, a mota yake komawa. Rami yana ƙarewa, doka tana canzawa, baƙo yana tafiya. Amma wa ya taɓa sa kwaɗo ya rufe abin da ke kan maƙeri? Wa ya taɓa ƙwace abin da ke hannun baduku? Sana'ar da ta zauna a ka da hannu ita ce ta ƙetare duk waɗannan shekaru da ranta, ita kuma nake kiran ku gare ta.

Ai kun riga kun nuna kuna iyawa. A 2014 da labarin zinariya ya ɓullo daga Jado, sannan Cibarakaten, wa ya buɗe makarantar koyon na'urar gano ƙarfe a ƙasa? Babu. Kafin a ce kwabo, samarin da ba su taɓa zama a aji ba sun iya saita ta, sun bambance kukanta in ta ji zinariya da in ta ji gwangwani, wasu har suna buɗe cikinta su gyara. Direbobin hamada suka haɗa sanin taurari da duwatsu da na GPS, suna karanto lambobin wuri kamar karatun salla, suna kiran gida da wayar Thuraya daga inda ko tsuntsu ba ya zuwa. Kafin intanet ta wadata, matasan Abzin sun kafa tasu hanyar: waƙa ta tashi daga waya zuwa waya ta Bluetooth da katin memori, ta shiga mota a tashar Agadas, ta sauka a Tamanraset ko Gawo ko Kano. Ta haka muryar Mdou Moctar ta karaɗe Sahara, yaron da ya harhaɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, ya je Sakkwato a 2008 ya naɗi waƙoƙinsa, kafin faifan da aka tattaro daga wayoyin Sahara a 2011 ya kai shi ƙasashen waje. A manyan jami'o'i akwai fanni sukutum kan irin wannan sadarwa, wadda saƙo ke kwana cikin na'ura har ya sami mai kai shi gaba, kuma hukumar NASA tana aiki da wannan tunani wajen aika saƙo a sararin samaniya. Ku a tasha kuka yi ta, ba wanda ya ba ku ko dala.

Sai dai da sauran tafiya, ita ce kuma dalilin wannan rubutu. Mun iya amfani, mun iya gyara. Saura ƙira. Saura bincike. Ku dubi ƙasusuwan Gadufawa. A jiharmu aka tono dabbar nan ta zamanin da, mai haƙora fiye da 500, har aka raɗa mata sunan ƙasarmu, Nigersaurus. Ƴan ƙasar nan sun nuna hanya, sun tuƙa motoci, sun sha rana. Amma da aka zo haɗa ƙoƙon kanta, wanda ƙashinsa ya yi siririn da haske ke ratsa shi, a Amurka aka sa shi cikin na'urar hoton asibiti, kwamfuta ta jera guntayen, aka nuna wa duniya a 2007. Ba na ganin laifin waɗanda suka yi, aiki suka yi mai kyau. Tambayata a kanmu take: ƙashi na gaba da za a tono, me zai hana a haɗa shi a kan allon ɗan Agadas?

Inda abin ya fi taɓa mini zuciya shi ne harshe. Ƙirƙirarriyar basirar nan da ake ta zancenta, mai fassara, mai rubuta wasiƙa, mai amsa tambaya, ba aljana ba ce. Almajira ce mai ƙarfin hadda: a tara mata miliyoyin jimloli, ta yi ta tilawa tana cankar kalmar da za ta biyo baya, in ta kuskure a gyara mata lissafi, har ta kama salon magana. Abin da aka biya mata shi take mayarwa. In ba ta taɓa jin Hausar Agadas ba, ba za ta gane tsohuwar da ke tambayar kuɗin tiyar hatsi ba. In ba ta ji Tamashek ba, kurma ce a gaban makiyayin Ingal. Google ta sa Hausa cikin manhajarta ta fassara a 2013. A 2022 kamfanin Meta ya fitar da tsarin fassara na harsuna 200, har da Hausa da Fulatanci da Kanuri da Tamashek. A shekarar ce kuma masu bincike a jami'ar Avignon ta Faransa suka fitar da sa'o'i 17 na maganar Tamashek haɗe da fassararta, waɗanda suka samo daga shirye-shiryen Studio Kalangou na Yamai, masana daga ƙasashe suka yi ta gasa a kansu. Sa'o'i 17! Hirar da ake yi a majalisun shayi na unguwa ɗaya cikin dare ɗaya ta fi haka. Arzikin da masana ke nema da fitila, mu a bakinmu yake, kullum muna bai wa iska.

An ma riga an share mana hanya. Ƴan'uwanmu na Kano da Zariya ba su jira kowa ba. Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero da Idris Abdulmumin na Jami'ar Ahmadu Bello, da abokan aikinsu, suka tara dubban saƙonnin Twitter, suka sa masu jin harshen suka bi su ɗaya-ɗaya suna tantance wanne yabo ne, wanne suka, wanne tsaka-tsaki. Aikin ya fito a 2022 da sunan NaijaSenti, a 2023 aka faɗaɗa shi zuwa harsunan Afirka 14. Ƙungiyar Masakhane ƙofarta a buɗe take ga duk ɗan Afirka mai son yi wa harshensa hidima, ba ta tambayar takardar digiri. Ko ba ka iya rubuta manhaja ba, shirin Common Voice na Mozilla yana karɓar muryar kowa da Hausa: ka karanta jimla, ka naɗa, ka saurari ta wani ka tabbatar. Tun Maris ɗin 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Harshen ƙasa kuwa dole ya shiga ofis, ya shiga asibiti, ya shiga waya. Wa zai shigar da shi da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ ɗinsa cif? Wa zai raya Tifinag, wanda ya sami gurbi a tsarin haruffan kwamfuta na duniya tun 2005, in ba ƴaƴan matan da suka koyar da shi da yatsa a kan yashi ba? Malamin makaranta, mai gabatar da shiri a rediyo, tafintan asibiti, fagen nan naku ne, ku shigo!

Mu hau dutse, mu leƙa lambu. Manomin Tabelot da na Timiya da na gindin Bagzan, kai da ke fitar da albasa da dankali da lemu da rumman daga tsakanin duwatsu, ka fi kowa sanin cewa ruwa shi ne jari. Kana sayen mai da tsada saboda injin ban ruwa, kana fargabar ranar da rijiya za ta ja baya, sannan in albasa ta nuna gaba ɗaya farashi ya karye, mai mota ya zo ya taya yadda ya ga dama. Kowace ɗaya a cikin matsalolin nan aikin bincike ce mai jiran mai yi. Ƴar na'urar da ba ta fi kwalin ashana ba tana iya auna damshin ƙasa ta ce yau a ba da ruwa, gobe a bari. Ɗan ƙasarmu Abdou Maman Kané ya ƙirƙiro hanyar kunna ban ruwa da kashe shi daga nesa ta wayar salula, har ya karɓi babbar kyautar ruwa ta Sarki Hassan na Biyu a 2015. A Nijar ya yi tunanin, a Nijar ya gwada. Can sama kuma taurarin ɗan'adam na Sentinel-2 suna ɗaukar hoton kowane kwari na Abzin duk kwana biyar, kowane ɗigo a hoton mita goma ne a ƙasa, kuma kyauta ake sauke su. Da su da manhajar QGIS, wadda ita ma kyauta ce, wanda ya sami horo zai nuna wa makiyayi inda ciyawa ta tsiro bayan ruwan Agusta, ya nuna wa magajin gari gidajen da ke kan hanyar ruwa. Waɗanda suka ga ambaliyar Telwa ta Satumban 2009 ba sai an yi musu dogon bayani ba. In akwai ƴan na'urori a saman ƙoramar, masu aiko saƙo tun ruwa yana nesa, gargaɗin sa'a ɗaya dukiya nawa zai tsirar, rai nawa? Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Ku tona!

Mai haɗa sola, kai ma ga naka. Farantin da kake ɗorawa a kan soro, a zafin digiri 25 aka auna ƙarfinsa, kuma duk digiri ɗaya da ya ƙaru yana rage masa kusan kashi 0.4 cikin ɗari. Nan kuwa a watan Mayu ko a inuwa ana wuce 40, ga ƙura, ga batir da zafi ke rage wa kwana. Sau nawa ya kamata a goge faranti in hazo ya sauko? Wane batir ne ya fi jure Agadas? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ka fara rubuta abin da kake gani, da ranarsa da lambarsa, wata da watanni, ka shiga sahun masu bincike ko da ba ka sa rigar farfesa ba. Haka bincike yake: a lura, a auna, a rubuta, a sake gwadawa, a miƙa wa wani ya ƙaryata in zai iya.

Kada wani ya ce babu wurin koyo, ko babu aikin yi in an koya. Tun shekarun 1970 makarantar ma'adinai ta EMAIR ke yaye ƙwararru a garin nan. A 2014 aka kafa Jami'ar Agadas tare da na Doso da Difa da Tilaberi, ta Doso kuma aka ba ta fannin fasahar sadarwa. Igiyar intanet mai zaren gilashi da Bankin Raya Afirka ya tallafa wa, an tsara ta bi ta Arlit da Asamaka ta haɗe da Aljeriya, ta bi ta Damagaram da Magarya ta haɗe da Najeriya. Tsohuwar hanyar fatake ce aka shimfiɗa wa haske. A 2025 Starlink ma ta fara aiki a ƙasar. Duk waɗannan hannu suke jira. Zaren da bai fi gashi kauri ba, in ya tsinke a dajin Asamaka, sai an sami mai haɗa baki da baki daidai wa daida, ya narka su da na'ura. Za a zauna jiran wani ya taso daga Yamai, tafiyar fiye da kilomita 1,000, alhali ga jikokin maƙeran da ke zana azurfa da abin da bai fi tsinin allura ba? Haɗa zare, saita rezo a ofis da asibiti, tsare kuɗin da jama'a ke aikawa ta Nita da Al Izza daga ƴan damfara, duk sana'o'i ne na ci da iyali, kuma a nan ake buƙatarsu.

To yaya ake farawa? Yadda ake fara ƙira. Yaron maƙera ba ya somawa da zanen azurfa, da zuga yake somawa. Ka saba da madannai har yatsunka su daina lalube. Ka ɗauko littafin bashin shagonka, ko na mahaifiyarka, ka zuba shi a jadawalin kwamfuta, ka sa ta haɗa jimla, ta nuna wanda bashinsa ya wuce wata. Ranar da ka ga ta gama cikin ƙiftawar ido abin da ke cinye maka dare, ranar za ka kamu. Daga nan ka shiga Python, harshen rubuta manhaja da ya fito tun 1991. Kyauta ne, yana tafiya a kan tsohuwar kwamfutar da aka sayo ta hannu, har a kan waya. Za ka rubuta layi goma ya ƙi aiki saboda ɗigo ɗaya. Za ka nemi kuskuren har ido ya yi ja. Wuta za ta ɗauke ana tsakiyar aiki, kuɗin intanet zai ƙare ana tsakiyar darasi. Duk za a yi. Ka sauke darussa cikin dare lokacin da rezo ya saki, ka raba wa abokai ta kati yadda aka raba waƙa, ku haɗa kuɗi ku biyar ku sayi faranti da batir ɗaya. Turanci da Faransanci a hanya za su same ka, kamar yadda Larabcin kasuwa ya sami direban Sabha ba tare da ya zauna a aji ba. Sa'a ɗaya kullum bayan isha'i, a shekara sa'a 365 ke nan. Raƙumin ayari ba ya gudu, amma shi ke kaiwa Bilma.

Hajiya uwar adashi, ke da ke riƙe da lissafin mata talatin a ka ba ki taɓa ɓatar da dala ɗaya ba, da ke mai ɗinka jakar fata ki ɗauki hotonta ki tura ta WhatsApp har ta sami mai saye a Kano, kun riga kun sa ƙafa. Ku bar ƴaƴanku mata su shiga ajin. Aikin nan haƙuri yake nema da lura, kuma ko a tsakar gida ana yin sa. Nana Asma'u ta horar da jajojinta ta tura su ƙauyuka suna karantar da mata, ba waya ba mota. Yarinya ɗaya da ta iya, unguwa guda ta iya.

Ina da ƙorafi, zan kuma faɗe shi saboda ina ƙaunar abin. Na taɓa shiga wani ajin koyon kwamfuta na tarar ɗalibai sun cika ɗaki, na'urori ƴan ƙalilan, wasunsu ma a mace, malami yana rubuta manhaja da alli, yara suna kwafa a littafi. Da lokaci ya cika aka bai wa kowa takarda mai hatimi. Raina ya ɓaci ƙwarai. An taɓa koyon tuƙi a kan tabarma? Masu cibiyoyin horo, ku ji tsoron Allah cikin kuɗin iyayen yara. A rage cunkoso, a ɗora hannun kowa a kan na'ura, kada a yaye mutum sai ya gina abin da wani ya yi amfani da shi. Malaman jami'a, ku sauko da ɗalibanku kasuwa da lambu da tasha, can tambayoyin suke. Alhazan gari, ku da Allah ya buɗa wa ta zinariya da sufuri, kun gina rijiya, kun gina masallaci, Allah ya saka. Ku ƙara da ɗaki ɗaya mai kwamfutoci da sola, don ilimin da ake amfana da shi yana cikin abin da ladansa ba ya yankewa.

Na dawo gare ka, mai gyaran salula. Wayar da ake miƙo maka sirrin gida ce ɗungurungum: hotunan iyali, saƙon miji da mata, lambar kuɗi. Kana gyarawa ka mayar ba ka leƙa ba, shekara da shekaru. Ka riƙe wannan amana da kyau, ka koya wa yaranka ita tare da riƙon ƙarfen dalma, don wanda ya san ƙofar shiga asusun mutane ya ƙi shiga, shi za a damƙa wa tsaron na'urorin asibiti da banki. A ƙarƙashin teburinka akwai tsohuwar kwamfutar da ba ka kunnawa sai za ka wanke waya ko tura waƙa. Yau in ka rufe rumfa, ka tafi da ita gida. Ka kira yaron da ke miƙo maka sukurori, ka kira ƴar maƙwabcinka da ta ci jarrabawa bana, a ɗora shayi, a buɗe allo. Ku rubuta mata umarni na farko, ku sa ta gaishe ku da Hausa. Sannan ku sa ta ƙirga wayoyin da aka gyara a makon nan, da abin da ya kashe kowace, ruwa ne ko ƙura ko caja. Gobe da safe zan biyo ta gaban rumfar in ji abin da ta ce.